Ƙwayar da Inji Ya Wanke

"Ƙarfe nawa kike ba shi wannan farar ƙwayar?" nas ta tambaya, tana juya ambulan ɗin maganin.

Mai Ɗinki ta ce bakwai na safe, ko minti ɗaya ba ta taɓa ƙarawa ba. Da alfahari ma ta faɗa. Wata huɗu ke nan tana kula da Baba Direba, maƙwabcinta da katanga kawai ta raba su, tunda matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya kuma tana aure a nesa.

"Har ranakun wankin ƙoda?"

Ta ce har su. Nas ta dubi tsohon da ke kwance, jininsa na zagaya roba yana shiga inji yana dawowa, zazzaɓi na kaɗa shi. Ta tafi ta kira likita.

A baranda likitan ya yi wa Mai Ɗinki bayani. Cutar funfuna ce ta shiga jinin Baba, ƙwayar ce ke yaƙarta. Shi kuma injin bai san abokin gaba ba, bai san na gida ba: abin da ya tarar a jini, da datti da wannan magani, tare yake kwashewa. Shi ya sa aka ce ranar wanki sai an sauke shi daga inji zai sha. Kwana uku a kowane mako kusan rabin maganin na bin ruwan wanki, cutar na samun sarari.

Ba mantuwa ta yi ba, abin da ya tsaya mata a wuya ke nan. An gaya mata tun ranar farko. Amma Baba in ya dawo daga wanki jiri yake ji, ko ruwa ya haɗiya sai ya dawo. Shi ya roƙe ta, yana tsokanarta da likita marar takarda, cewa ta haɗa masa duka da safe. Wai shekara arba'in yana tuƙi, bai taɓa ganin motar da aka zuba wa mai bayan ta isa ba. Ta yi dariya, ta tausaya masa, ta haɗa.

Aka canza masa magani zuwa na jijiya. Bai kai mako ba ya rasu. Likitan ya ce jikin dama ya gaji, ba wanda zai iya rantsewa ƙwayar ce. Ba wanda zai iya rantsewa ba ita ba ce kuma, wannan ita ta ƙarasa wa kanta.

'Yar ta iso bayan an kai shi. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ta nuna masa Mai Ɗinki, ta ce ga wadda ta riƙe mata uba. Kowace godiya kamar allura take shigar Mai Ɗinki. Ta kasa taka keken ɗinkinta. Da ta zauna sai ƙararsa ta koma mata irin ta injin asibiti. Jibi 'yar za ta koma, kuma ba wanda zai gaya mata in ba ita ba.

Ta same ta a ɗakinsa tana kwashe kaya, an jingine katifa da bango.

"Ƙanwata, ajiye wannan tukuna. Akwai abin da ban faɗa miki ba."

Ta faɗa mata duka, ba ta ɓoye dariyar da ta yi ba.

"Shi ya ce ki haɗa masa, Yaya?"

"Shi ya ce. Amma ni aka gaya wa."

'Yar ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta goge ido da bayan hannu, ta ɗauko zanen gadonsa, ta miƙa wa Mai Ɗinki gefe ɗaya. Suka ja da baya har ya miƙe a tsakaninsu, sannan suka tako suka haɗa bakinsa.