Ƙuri'ar Baba Kafinta

"Ba inda za ka, Baba! Wallahi ba inda za ka!"

Muryar Auta ce ta fito da ni daga ɗakina da makullin tasi a hannu. Ƙofarsu tana kallon tawa a hawa na biyu. Na tarar da Baba Kafinta zaune a bakin gado, takalmi ɗaya a ƙafarsa, ɗayan kuwa 'yar tasa ta ɓoye shi a bayanta. Robar iskar da asibiti suka ba shi tana reto a wuyansa.

"Yauwa, Direba," ya ce yana haki. "Kai ni ofishin jakadanci. Yau ake zaɓe a gida."

Gida a bakinsa ba benen nan ba ne, ko da yake a nan ya yi furfura. Wata ƙasa ce da ya baro tun yana saurayi, bayan sojoji sun ƙona masa shago saboda ya yi wa masu zanga-zanga alluna. Tun da na san shi, kullum cikin zagin masu mulkin can yake. Amma ranar da mai shagon ƙasan bene ya ce ai ƙasar tasu ta mutu, Baba bai ƙara sayen ko ashana a wurinsa ba.

"Ƙasar da ko jana'izar mahaifiyarka ba ta bari ka je ba?" in ji Auta.

"Ke a nan aka haife ki. Ba za ki gane ba."

Idonta ya kawo ruwa. Ta durƙusa ta sa masa takalmin da ƙarfi, kamar da shi take faɗa.

Goya shi na yi muka sauka. A mota ya kasa zama wuri ɗaya: a sauke gilashi, a ɗaga gilashi, a canja tasha, me ya sa nake tafiya kamar mai rakiyar amarya. Ƙaninsa ya kira daga can, shi ma'aikacin jam'iyya mai mulki ne. Baba ya ce, "Ka gaya wa ubangidanka yau zan yi maganinsa!" Suka yi ta cacar baki har tari ya sarƙe shi, amma kafin ya kashe sai da ya tambayi ko an gyara rufin ɗakin marigayiya tsohuwarsu.

Layi ya zagaye katangar ofishin, jama'a sun rabu biyu suna yi wa juna ihu. Muna neman a ba mara lafiya hanya, wani matashi ya sha gabanmu.

"Tsoho, ku da kuka gudu tun tuni, ku ne za ku zaɓa mana shugaba?"

Na jira Baba ya wanke shi tas, yadda ya saba. Sai ya sunkuyar da kai.

"Gaskiyarka," ya ce. "Guduwa na yi."

Auta ce ta matso. "Kai da ba ka gudu ba, me kake yi a nan? Matsa mana, malam. Ƙasarmu ce yadda take taka."

Baba ya ɗago ya dube ta. Ta riƙe shi suka shiga, ni na tsaya a waje.

Bayan nan bai ƙara sauka ƙasa ba. Duk wanda ya leƙo dubiya, tambaya ɗaya ce: an faɗi sakamako? Auta ta tambaye shi, in ta Allah ta kasance, ko a mayar da shi can.

"A'a. A binne ni kusa da uwarki. Wa zai riƙa kai ki can ziyara?" Can kuma ya ce, "Amma kira baffanki, ki ji ko sun fara ƙirgen ƙauyenmu."

Da hantsi Baba ya cika, ana ta ƙirge ba a gama ba.

Ni da mai shago muka yi masa wanka. Da na ɗaga hannunsa na hagu, sai ga tawadar zaɓe a ɗan yatsansa, shuɗiya, ta shige har ƙarƙashin farce. Mai shago ya ɗauko sabulu zai goge, ya tsaya yana kallonta. Sai ya ajiye sabulun, ya zuba ruwa kawai a hankali, muka kwantar da hannun a gefensa.