Jirgin da Noboru Ya Ƙi

A gidan wankan unguwa Malama Fumie ta tsinci zancen, tana cikin ruwan zafi har wuya. Matar mai awara ce ke raɗa wa wata cewa an cire Kwamanda Noboru daga kwamitin sojan ruwa, wanda ke zaɓar jirgin saman yaƙin da za a ɗora wa sababbin jiragen ruwan nan masu ɗaukar jirage. Wai wani kamfani ya ba shi cin hanci. Yanzu an ajiye masa tebur a bakin taga, ba aikin fari ba na baƙi. Tururi ya yi yawa, ba su lura uwarsa Fumie na nan ba.

Fumie ta miƙe ruwa na zuba daga jikinta. "Da idonki kika ga ya karɓa, ko a cikin awara kika tsinta?"

Matar ta ce ai kowa haka yake faɗa. Fumie ta ƙare ƙuruciyarta tana koyar da lissafi a garin Kure, ta sha ganin aji guda ya kwafi amsa ɗaya, kuma ba daidai ba.

Ta buga wa ɗanta waya, ya ce komai lafiya, ta riƙa shan maganinta. Sai ta ɗauki sandarta ranar Lahadi ta nufi gidan shugaban kwamitin, Hirayama Genta, wanda ta koyar tun yana shan majina. Ta same shi yana ba shukokinsa ruwa. Ya rusuna har tiyon ya jiƙa masa takalmi. Aka kawo shayi, ta bar shi yana hucewa.

Da ta matsa, ya ce jirage biyu ne a gabansu. Ɗaya yana sauka a tsaye kamar helikwafta, sai dai mansa kaɗan ne, ba ya nisa. Ɗayan yana nisa, amma sai an ƙara wa jirgin ruwan tsawo, an kuma saka na'urar da za ta harba shi sama. Manya sun fi son na farko. Noboru kuwa, da yake matuƙi ne, ya kafe a kan na biyun, saboda yaran matuƙan da za su riƙa dawowa cikin hadari, tanki ya kusa bushewa, ba tudu ko'ina.

Fumie ta san yadda ake yi. Kafin taro ana bin mutane ɗaya bayan ɗaya, a kan giyar shinkafa, har kowa ya yarda. Ranar taro gyaɗa kai kawai ake zuwa yi.

"Ke nan kun manta ba ku bi ta kansa ba," in ji ta.

"Ni da kaina na je, Malama. Ya zuba mini, na zuba masa, ya ce a'a. Na ɗauka ya fitar da abin da ke ransa, ranar taro zai kama bakinsa kamar kowa."

"Ya kuskure a lissafin man?"

"Ba maganar lissafi ba ce."

"Genta, har yanzu kana amsa tambayar da ba a yi maka ba."

Ya sunkuyar da kai, ya ce bai kuskure ba. Zancen kamfanin kuma ba shi ya ƙirƙira ba, amma bai ƙaryata ba, don ya fi sauƙin shiga kunnen mutane. Sannan ya sassauta murya: idan Noboru ya zo gaban manya ya rusuna ya ce ya yi gaggawa, kujerarsa na nan, har da ƙarin girma. In ya wuce wannan wata, shi ke nan. Uwa ce kaɗai za ta iya lanƙwasa shi.

Fumie ta tuna da ɗanta. Tun yana ƙarami yaron nan ba ya da zance sai na teku, kuma shekarun aikin da suka rage masa ba su da yawa. Ta dafa sanda ta tashi.

"Gwiwoyina sun tsufa, ba na kai saƙon rusunawa. Ka gaishe da mai ɗakinka, shayinta ya yi ƙamshi."

Ya rako ta har bakin ƙofa, ba ta waiwaya ba.

Noboru bai karɓi ko tsinke ba. An tambaye shi a ɓoye ya ce a'a, aka tambaye shi a gaban mutane ya ce a'a. Jirgin da ya ƙi shi aka zaɓa, kuma bai koma kwamitin ba.