Gurbin Ergash a Kamfanin Fatu

…ba wai bai ji ba. Ya ji sarai. Kunnuwan Haitmurad ba su mutu ba tukuna, gwiwoyi ne suka riga su. Magatakarda yana karanta sababbin dokokin kamfani da muryarsa ta mai mura, sashe na kaza, layi na kaza, ɗakin duk warin gishiri da fatun 'yan raguna. Wai duk gurbin da mai shi ya shekara bakwai bai zauna ba, ya faɗi, rabonsa ya koma wa kamfani. Sai fa in ya rasu. In ya rasu, magajinsa ya hau.

Gurbin wa ake nufi? Su takwas ne suka haɗa garkunansu a nan Andhoi, bakwai ga su zaune suna hura shayi. Na takwas ɗansa ne, Ergash. Katifarsa ce wannan da babu kowa a kai, shi kuma uban yana rakuɓe a bayanta kamar yadda ya saba duk zama, ba shi da ƙuri'a, ba shi da ta cewa. Yau kuwa an ba shi ta cewa. In ya ce ɗansa na raye, gurbi ya faɗi. In ya ce ya rasu, jikansa Yadgar ya hau, ya daina kankare fatun wasu a rana. Gaba kura, baya sayaki.

Ƙuri'a… ranar pishk ma, ranar ƙuri'ar ɗaukar soja, haka aka zauna, a farfajiyar hakimi, an naɗe takardu an zuba a tukunyar ƙasa. Fara ka koma gida, mai rubutu ka tafi soja. Ergash yana shan kankana, ya goge hannu a rigarsa, yana dariya, ya ce wa uban—"Dada, hannun nan nawa da sa'a." Sa'a! Zamanin kakanni ba a san tukunya ba. Dattawa ke zaɓen mutum ɗaya cikin takwas, sauran bakwai su ci da gidansa har ya dawo, ba alƙalami, ba magatakarda, kunya kaɗai ta isa. To ga bakwai ɗin nan. Ga su nan da rawunansu.

Shekara biyu aka ce zai yi a soja. Biyu. Wani direba ya rantse ya gan shi a kudu, wani ya ce annoba ta shiga barikinsu… babu gawa, babu kabari, babu wanda ya zo ya ce ga rigarsa. Mutum ya yi wa iska sallar jana'iza?

"Amaki," wato baffa, in ji shugaban kamfani, Ruzi Bai, abokin wasan Ergash tun suna hawan jaki ba sirdi, "kalma ɗaya muke jira."

"Ruzi, tumbin nan naka ya ci gurbi biyu, ban ji an rubuta masa doka ba."

Ana dariya, irin ta sauke nauyi. Shi bai yi ba. Ya gaji, wallahi ya gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Furfura ta fito wa Ruzi a gemu… ke nan shi ma Ergash—a'a. Ergash bai da furfura. Yaushe zai yi ta?

Gurasar fa. Ranar tafiya uwarsa Ayimgul ta miƙa masa gurasa da zafinta, ya gatsa sau ɗaya, ta rataye sauran a ƙusa, yadda ake yi wa duk mai tafiya, don rabonsa ya jawo shi gida ya ƙarasa. Tana nan. Ta bushe ta zama dutse, sawun haƙoran yana nan, har da giɓin nan na gefe da rago ya yi masa. Duk Juma'a Ayimgul takan hau kan akwati ta share mata ƙura da gefen mayafi, da ƙafafun nan nata masu kumburi. Ba ta taɓa fashi ba. Shi kuma ya shiga gida yau ya ce mata me? Sauke ta, na sayar da ɗanki da kalma ɗaya? Don ita yake zuwa nan yana zama bayan katifa kamar mai gadi. Don ita. In ba don ita ba ai da tuni…

Da tuni me?

"Uwarsa fa?" in ji Haitmurad. "Da wane bakin zan gaya mata?"

Ruzi yana kallon darduma. Magatakarda ya ajiye takarda.

"Amaki… ita ce ta zo gidana. Ita ta ce a rubuta haka. Ta ce Yadgar ya girma, kai kuma ba za ka taɓa furtawa ba sai an matsa maka."

Ayimgul. Ta taka har gidan Ruzi, da waɗannan ƙafafun? Yaushe? Tun yaushe ta sani… tun yaushe ta gama kukanta ita kaɗai, shi yana kwance a gefenta bai ji ba? Ashe ba don Ergash take hawa akwatin ba. Yana gadinta, tana gadinsa, shekara da shekaru, kowa yana tsoron kada ɗayan ya faɗi—

Magatakarda ya tsoma alƙalami, ya ɗaga, yana jira. Haitmurad ya buɗe baki. Yana raye… ya rasu… ga su nan duka biyun a kan harshe, ya kasa ɗaga ko ɗaya. Shi kaɗai ya rage a duniya da ke jiran yaron nan, in ya daina, wa zai jira shi?