Karen da Ya Ƙi Cin Gurasar Inna Humai

Ni dai tsoron kare nake yi, gara in faɗa tun yanzu. Abin kunya ne ga mutumin Kushkak, garin da kakanninmu ba sa kai loma baki sai sun ajiye wa kare tasa. Shi ya sa ranar da abin nan ya faru a gidan Burzin ina can nesa, sai daga baya na tsinci labarin a bakin mutane.

Burzin ya ba hamsin baya, ashirin daga ciki a Musulunci ya yi su. Ba tsoro ne ya shigar da shi ba. Karatu ya ji wata rana a birnin Naisabur, zuciyarsa ta kwanta, shi ke nan. Larabawan da suka ci ƙasarmu suka kafa sansani a garin, su suka sa masa suna Abdulkarim, suka ba shi sharar masallaci da kiran salla, suka kuma bar masa sahun baya kyauta. A wurinsu Bafarishe ne da ya yi wanka. A wurin danginsa kuwa Balarabe ne da bai iya hawa raƙumi ba.

Da hantsi uwarsa, Inna Humai, ta cika, lokacin ana tsinkar rumman. Kafin jikinta ya huce ya isa wurin Hurais, limamin sansanin, ya ce tsohuwa ta rasu, kuma a Musulma ta rasu. Ba ƙarya ya yi ba, ko da yake ba gaskiya ce cikakkiya ba. Kwana uku kafin nan ya zauna a kanta yana ta maimaita kalmar shahada, har ta biya masa, ido a rufe, sannan ta ce, “To, na faɗa. Ka bar ni in yi barci.”

Hurais ya dafa kafaɗarsa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce a haƙa kabari, shi da kansa zai sallace ta bayan azahar.

Da Burzin ya koma gida sai ya tarar da yayarsa Dinak zaune a bakin ƙofar ɗakin, tana kwance ɗamarar ulun nan ta masu tsohon addininmu na bautar wuta tana sake ɗaurawa.

“Na ji an ce rami kake haƙa wa Inna,” in ji ta. “Kamar albasa.”

“Kabari, Yaya.”

“Matar da shekara tamanin ba ta taɓa tofa yawu a ƙasa ba, ita za ka cusa wa ƙasa a baki? A kan dutse aka ajiye Baba, rana ta gan shi, ungulu suka yi aikinsu. Ko shi ma ka manta?”

“Ta yi shahada. Da kunnena na ji.”

“Ni ma na ji. Ko ce mata ka yi ita akuya ce, da ta amsa, don dai ka tashi mata daga kai. Kai fa in ka fara magana ko bango sai ya musulunta.”

Bai yi dariya ba. Shekarar ba ta dariya ba ce. Tun bazara mutanen kan duwatsu, masu cewa sai sun mai da Larabawa inda suka fito, suka kashe wakilin gwamna a mashigi. Kawuna biyu da aka sare don ramuwa na rataye a ƙofar gari, ɗaya na mai gyaran takalmin da kowa ya sani ne. An kuma yi shela cewa duk Musulmin da aka kama da tsohuwar al'ada a gidansa, da 'yan dutse za a lissafa shi.

Dinak ta sassauta murya. “Ƙanena, na bar maka ramin. Abu ɗaya nake roƙo. A kawo kare ya gan ta.”

Ya san al'adar kamar tafin hannunsa. Ba a ɗaga gawa sai kare mai ido huɗu ya dube ta, wato mai ɗigo biyu a saman idanu. Kallonsa ne ke korar aljanar gawa, wadda ke shigowa daga arewa da siffar ƙuda. Ana kuma ɗora gurasa gutsure uku a ƙirjin mamaci. In kare ya ci, mutuwa ta tabbata. In ya ƙi, ba a taɓa gawar, don da sauran rai.

“Kare a gidan ladani? Yau?”

“Ta ƙofar baya. Ya shigo, ya ci, ya fita. Ko Allahnka ba zai ankara ba.”

“Yaya, ki iya bakinki.”

“To naka fa, da ka iya shi, ina ya kai mu?”

Ya dubi gawar. An rufe ta da farin zane, ta ƙanƙance kamar yarinya. Ya tuna yadda take ɗaukar gurasar farko daga tanda ta fita da ita ƙofar gida ta ba kare. Ya ce, “Ki yi sauri.”

Rana ta take tsaka lokacin da ta dawo. Garin ya yi tsit, irin shirun da ko kaji ba sa motsi. Karen dogo ne siriri, ruwan ƙasa, da ɗigo biyu baƙaƙe a goshi. Bai yi haushi ba, bai shinshina komai ba. Ya shigo a hankali kamar wanda aka aiko.

Dinak ta gutsura gurasar sha'ir uku ta jera a kan zanen. Gurasar safe ce, ƙamshinta ya cika ɗakin. Wani ƙaton ƙuda ya shigo ta tagar arewa, ya zaga sau ɗaya, ya sauka a bakin zanen wajen ƙafafu. Burzin ya ce a ransa ƙuda ne kawai, kaka ce, ko'ina ƙudaje ne. Ya karanta abin da ya sawwaƙa.

Karen ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gurasar. Sai ya zauna.

“Ci mana, ɗan albarka,” in ji Dinak. “Ci.”

Bai ci ba. Bai ma kalli gawar ba. Ya kafa ido a gefen kanta, wajen da babu komai sai tabarma da bango. Nan ne tsofaffi ke cewa rai yake zama kwana uku, kusa da kan mai shi. Ya daɗe yana kallon wurin. Can sai kansa ya fara ɗagawa sannu sannu, yadda ake bin mutum da ido idan yana miƙewa da ƙyar, yana dafa gwiwa. Idon ya bi bango, ya wuce tulun ruwa, ya ɗan dakata a murhu, ya ci gaba. Ya zo ya tsaya daidai bayan kafaɗar Burzin.

Burzin bai waiga ba. Ƙudan ya tashi ya fice ta inda ya shigo.

“Ba ta tafi ba,” Dinak ta raɗa. “Burzin, ba ta tafi ba.”

Ya durƙusa ya taɓa wuyan tsohuwar. Sanyi ƙalau. Ya kara kunne a ƙirjinta, tsakanin gutsuren gurasa, bai ji komai ba sai bugun nasa jinin. Hankalinsa ya ce ta mutu. Addininsa bai ce ya nemi fatawar kare ba. Amma ya tuna wata mata a Naisabur da aka ce an buɗe kabarinta bayan shekara an same ta a kife.

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofar gida.

“Abdulkarim! Yau ladani ne ya makara? Mun yi salla ba kai. Ga makara, fito mu sauke nauyi.”

Muryar Hurais ce, da wasa a cikinta. Burzin ya fita ya ja ƙofar a bayansa. Mutum tara ne, duk Larabawa, waɗanda shekara ashirin ba su taɓa tako ƙofar gidansa ba. Yau sun zo ɗaukar uwarsa a kafaɗunsu. Sau nawa ya yi mafarkin irin wannan rana.

In ya ce a jira, za a ce don me. In ya ce kare ne ya hana, ƙofar gari na da wurin kai na uku. In ya yi shiru, kafin la'asar ƙasa ta rufe ta, da rai ko ba rai.

“Malam,” ya ce, “ku mai da makarar. Ƙarya na yi maka. Ba ta musulunta ba.”

Hurais ya dube shi. “Ka san abin da kake faɗa? Dutse za su kai ta, tsuntsaye su yage ta.”

“Na sani.”

“To kai wane ne yanzu? Namu ne ko nasu?”

“Da asuba na kira muku salla, Malam. Gobe ma in kun bar ni zan kira. Amma uwata ce.”

“Haka suke,” in ji wani daga baya. “A kankare su kaɗan, sai ka ga wuta a ƙasa.”

Hurais ya miƙa hannu, Burzin ya ciro makullin masallaci daga ɗamararsa ya ba shi. Suka juya da makarar ba kowa a kai.

Kwana biyu shi da Dinak suna zaune a kanta, suna ɗiga mata ruwan rumman a leɓe, suna kiran sunanta. Ba ta motsa ba. A rana ta uku ba a buƙaci kare ya faɗa musu ba, hanci ya isa. Masu ɗaukar gawa suka zo da fararen kaya suka hau dutse da ita. Burzin ya bi su daga nesa, ya tsaya a gindin tudu ya yi mata addu'a da Larabcinsa mai karkata, ko za a karɓa ko ba za a karɓa ba.

Ba a rataye kansa ba. Ba a kuma sake barinsa ya kira salla ba. Ya koma yin tasa shi kaɗai a gonar rumman. Labarin kuwa ya hau duwatsu, ya sauko da kitse: wai wani Bafarishe a Kushkak ya tsaya a ƙofarsa ya kori Larabawa arba'in, ya ƙwace uwarsa daga bakin rami. Samari da bai sani ba suka riƙa ajiye masa tulun giya a ƙofar gida, shi kuma yana tuntsurar da shi a kwata yana istigfari.

Sai da hunturu ya shigo sannan ya tambayi Dinak inda ta samo karen. Ta ce tun bayan shela babu kare ko ɗaya a unguwar, kowa ya kori nasa. Wannan a bayan sansani ta same shi ɗaure, ta kwance, ta ɗiga masa ido biyu da baƙin tukunya. Karen farautar Hurais ne, kuma tun yana kwikwiyo aka hore shi kada ya ci komai sai daga hannun ubangidansa.