Ajiyar Direbobi a Biron Kawu Alassan

Saƙon da ya fito a fuskar ordinatar gajere ne: babu sauran wuri. Hamdiyya ta kashe ta kunna, ya sake fitowa.

Ita ke kula da ordinatar, wato kwamfuta, a biro, ofishin kawunta Alassan, mai fitar wa 'yan kasuwar Gaya takardun duwan, wato kwastan. A cikin ordinatar an gina wata ƙarama ta manhaja, kamar ɗaki a cikin ɗaki, kuma a can kaɗai ake iya buga takardun. Wannan ɗakin ne ya cika maƙil. A waje kuwa kamiyon Hajiya Zuwera, babbar motar tumatir, na tsaye a rana yana jiran takardu, ruwa har ya fara ɗiga ta ƙasansa.

"To ki ƙara masa wuri mana," in ji Kawu.

"Sai an samu fili a babban diski, Kawu. Shi ma ya cika."

Ai dole ya cika. Kawu mutum ne da bakinsa bai iya cewa a'a ba. Duk direban da zai kama hanya, yana tsoron wayarsa ta faɗa kogi ko hannun ɓarawo, sai ya biyo a juye masa hotunansa a ajiye. Shekara da shekaru ana zubawa, babu mai dawowa ya kwashe.

"Mu goge na waɗanda suka daɗe ba su zo ba," ta ce.

"Ajiya ce, 'yata. Ba a taɓa ta sai da bakin mai ita."

Ta kira direba Haruna, babu rezo, kiran bai shiga ba. Ta samu wani direban, Yacuba, ya ce hotunan Makkan tsohonsa ne, don Allah kada a taɓa. Ta aika a sayo sabon diski, aka ce sai gobe daga Dosso. Hajiya Zuwera na zaune a bakin ƙofa ta yi tagumi. Hamdiyya ta gwammace a zage ta da wannan tagumin.

Sai idonta ya sauka a kan wata babbar ajiya mai sunanta. Bidiyoyin Innarta ne, waɗanda ta ɗauka a shekarar da Innar ta rasu, daga wayar da ta mutu tuni. Ba su a ko'ina sai nan. A duk diskin, su kaɗai ne ba ta buƙatar izinin kowa a kansu.

Ta buɗe ɗaya. Inna na tsintar shinkafa tana yi mata faɗa ta sauke wayar nan. Shi kaɗai ya shiga ƙaramin kile ɗin da ke jakarta, 'yar ma'ajiyar da ake soka wa ordinatar. Ta ji haushin kowa har da tumatir. Ta goge sauran.

Ta ƙara wa ƙaramar ordinatar fili, ta kunna. Takardun Hajiya suka fara fitowa.

Kawu ya leƙo yana murmushi.

"Kin gani ko? Allah ya rufa asiri, ba mu taɓa na kowa ba."