Gayyar da Ba Ta da Tukunya

Ni na fara gani. Duk wanda ya ce maka ya riga ni, daga Gashuwa har Nguru, ƙarya ya shirga maka. Tun ranar da a-kori-kura ta tsaya a bakin ruwa aka fara sauke abinci a 'yan robobi masu murfi na ce an cuce mu. Aka yi mini dariya, wai Baba Ibram tsufa ya fara taɓa shi.

Tsufa! Ni da na ga farin da ya kashe shanu a tsaye, na ci tafasa ba gishiri, na binne sa'o'ina kaf, ga ni nan daram. Ban shiga aji ba, ban kuma ga abin da na rasa ba.

Ga yadda aka yi. An haɗa mu manoman shinkafa ƙungiya ɗaya: Nguru, Karasuwa, mu na Bade, Jakusko, har mutanen Dapchi. Aka ɗora mana ciyaman, Ridwanu, ɗan garinmu ne, ni na riƙe ƙafar ragon sunansa. To kacalla, muguwar ciyawar nan da ta fi mutum tsayi, ta toshe hanyar ruwa ta wajen Nguru, ruwa ya rasa mafita yana cin gonakinsu. Ƙungiya ta ce a yi gayya, mu na ƙasa mu hau mu taya su yanka.

Muka cika motoci muka tafi. Wanda bai taɓa yankan kacalla ba ya yi shiru. Ruwa iya ƙirji, ka sunkuya ka yanke ta ta ƙarƙashi don ta ruɓe, matsattsaku na shan jininka, ganyen na tsaga maka hannu. Na shiga gaban samari, ban fito ba sai da aka kira azahar.

Kowa ya san ƙa'idar gayya. Mai gona shi ke kira, matan gidansa su tuƙa, ka ci tuwonsa a ƙwaryarsa. Daga ranar ya ɗauki nauyinka, in ka kira shi dole ya zo, ko yana zazzaɓi. Tuwon shi ne shaida. Haka muka taras, haka muka rayu ba ciyaman ba sakatare.

Sai ga robobi. Shinkafa da taliya, da ɗan nama kamar ƙwayar idon kaza.

Na ce, "Ridwanu, daga tukunyar wa wannan ya fito?"

Ya ce, "Baba, ƙungiya ce ta saya a gidan abinci, don kar a ɗora wa mutanen Nguru nauyi."

"Nauyin ai shi muka zo ɗora musu, ɗan nan!"

"Haba Baba, yanzu duk abu ɗaya ne. Ci abinka kar ya huce."

Ban ci ba. Na koma gefe na jiƙa garin rogon da na ƙullo a leda, ina kallon mutanenmu suna lashe roba suna murna an ba su cokali.

Damina ta yi ƙarfi. Hanyar da muka buɗe da hannunmu, ta nan ruwa ya gangaro mana, Nguru ta huta. Fadamarmu akwai jinga, tudun ƙasar da muke tarawa kewaye da shinkafa don tare ambaliya. Kullum na duba sai in ga ruwa ya ƙara hawa jikinta. Shinkafata ta yi ciki, saura kaɗan ta fitar da kai, ita ce abincin gidana na shekara, ni da jikoki da uwarsu da mijinta ya rasu. Hannayenmu ba za su isa ɗaga jingar nan ba kafin ta ɓalle.

Muka aika Nguru su zo su rama. Amsa ta dawo daga bakin Bappayo, babban manoman can: su ba su kira kowa ba. Ƙungiya ta kira, ƙungiya ta ciyar, a je a tambayi ƙungiya.

Na taka har gidan Ridwanu. Ya ce magana ce da ta shafi ƙananan hukumomi biyar, sai wakilai sun zauna, kuma wakilin Jakusko ya tafi biki.

Na ce, "To a gaya wa ruwa ya jira a gama bikin."

Ya ce in yi haƙuri. Na ce uban da ya haife shi bai taɓa ba ni haƙuri a kan gona ba, fartanya yake ɗaukowa.

Washegari na rataya tawa fartanyar na hau motar Nguru. Na sauka na ɗauki ɗan acaɓa har ƙauyen Bappayo. Na same shi a gindin darbejiya da mutanensa, an miƙe ƙafa ana shan shayi. Shi Bafillace ne, ni Babarbare, akwai wasa tsakaninmu, amma ranar ba wasa ya kawo ni ba.

Ya ce, "A'a, bawana ne da kansa? Me ka kawo wa ubangidanka?"

Na ce, "Rashin kunyarka na kawo maka, na tsince ta a hanya. Mun shiga ruwa dominku, yau namu ya zo kun kwanta?"

"Tuwon wa kuka ci, Ibram? Faɗa mini gidan, yanzu in tasa mai shi gaba."

Mutanensa suka kwashe da dariya. Abin da ya fi ƙona mini rai, gaskiya ya faɗa. Ba gidan da zan nuna.

Na juya na bar su. Na tambayi wata mai tallar nono ina gonar waken Bappayo, ta nuna mini bayan gari. Ciyawa ta kusa shanye ta, malalaci. Na tuɓe riga na sa fartanya.

Rana ta take. Ina noma, mutane na taruwa a gefen gona. Bappayo ya iso yana haki, ya ce wa ya sa ni. Na ce ba kowa. Ya ce in fita. Na ce ya zo ya fitar da ni, a ji a kasuwar Nguru cewa ya kori tsoho mai furfura don yana nome masa wake. Ya tsaya yana zagina da Fillanci, ina rama masa da Barbarci, fartanya ba ta tsaya ba. Bayana kamar ya tsage, idona na ganin duhu-duhu, amma ko zan faɗi a kunyar nan ba zan miƙe ba. Na san abin da nake jira, shi ma ya sani, shi ya sa ya aika gida kar wanda ya kuskura ya fito da ko ruwa.

Ya manta wa ya aura. Huseina, uwargidansa, ba ta aiko kowa ba, da kanta ta fito da ƙwarya a ka, ta ratsa maza ta dire a gabana. Tuwon gero, miyar kuka, man shanu na kwance a sama.

Ya ce, "Huseina, kin san abin da kika yi?"

Ta ce, "Na sani, Malam. Ba a gonar gidan da nake ba za a ce dattijo ya yi noma da yunwa. Kai ka san yadda za ka yi da sauran."

Na wanke hannu na zauna a tsakiyar gona. Na ci a hankali, ina ɗaga kowace loma sama kowa ya gani. Na suɗe ƙwaryar tas, na kife ta.

Na ce, "Bafillace, yanzu tuwon wa na ci?"

Bappayo ya zo fadamarmu. Shi da 'ya'yansa da ƙannensa da surukai biyu, da shebur da buhunan cika ƙasa, yana tafe yana tsine mini. Kuma ya yi aiki, ba zan ci haƙƙinsa ba, har ya fi wasu 'yan garinmu. Amma gida ɗaya na ɗaure, ba gari ba. Muka ɗaga jinga ta ɓangarena da na maƙwabtana, ta riƙe. Ta gabas, inda hannu bai kai ba, ta ɓalle. Gonakin mutanen da suka shiga ruwa tare da ni suka zama tafki, ana jefa koma a inda suka shuka. Su nake tunawa duk lokacin da na zauna cin abinci, ko da yake sun yi mini dariya.

Wakilai sun zauna bayan ruwa ya janye. Aka ce za a kafa kwamiti. Aka raba robobi.

Na ji wasu a tasha suna cewa ƙari nake yi, wai tsoho kamata ba zai iya nome rabin gona a rana tsaka ba. To ga fili ga mai doki. Mai shakka ya zo Gashuwa ya tambayi gidan Ibram, ya zo da fartanyarsa, mu kama kunya ɗaya ni da shi. Wanda ya fara dafa ƙugu, ya tsaya a tsakiyar kasuwa ya faɗi sunan ubansa, ya ce ya haifi raggo.