Gawon Gonar Daudu

Shekarar da aka ja wayar lantarki tsakanin Safana da Batsari, ma'aikata suka iso gonar Daudu a Wagini da gatura. Duk itacen da ke kusa da turakun sare shi suke yi. Daudu ya tsaya gaban gawonsa, wanda dawa ta fi yin kyau a ƙarƙashinsa.

"Ranka ya daɗe, ku bar mini wannan," ya ce wa shugabansu.

Shugaban ya ɗaga kai ya duba. "Baba, za mu rage rassan da ke wajen waya. Amma kada kowa ya ƙara hawansa."

Daudu ya yi ta godiya. Lokacin ba a saki wuta ba tukuna, sai maganar ta fita ransa, bai gaya wa kowa ba.

Daga baya aka saki wuta, rassan kuma suka sake tofowa. Da rani ya tsananta, Jinjiri, makiyayin da ke sauka gonar duk shekara shanunsa su bar taki, ya hau gawon da adda ya saro musu ganye, yadda ya saba. Ɗanyen reshe ya kwanta kan waya yana riƙe da shi. Matarsa Uwani ta ji ƙarar daga bukka. Ta iske shi a ƙasa babu rai, shanu na cin ganyen a gefensa.

Da Daudu ya je gaisuwa, Uwani ta ce, "Baba, na san da ka sani, da ka hana shi."

Daudu ya sunkuyar da kai.

Da ta fita takaba, danginta suka kora shanun suka yi kudu. Ba su ƙara sauka Wagini ba.